Kaɗaici Ke Kashe Ƙaramar Masana'anta

Duk lokacin da zancen masana'antu ya taso, mutane sukan rabu gida biyu. Akwai waɗanda ba sa yarda ƙasa ta ci gaba sai sun ga dogayen bututun hayaƙi da dubban ma'aikata suna tururuwa ta ƙofa ɗaya da sassafe. Akwai kuma waɗanda suka ɗauki ƙananan masana'antu tamkar maganin kowace cuta: su za su kawar da zaman kashe wando, su za su raba arziki, su ne komai. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma abin da ya fi damuna shi ne kowa yana ta kafa hujja ba tare da an tsaya an amince da mudun da za a yi awon da shi ba.

Mudun da nake nufi mai sauƙi ne: nawa aka zuba, nawa aka kwashe. Jari nawa, gumin mutum na awa nawa, wuta nawa, ɗanyen kaya nawa suka shiga kafin abu guda ya fito, ya kuma isa hannun mai buƙatarsa a lokacin da yake buƙatarsa. Wannan ƙarshen maganar shi aka fi mantawa da shi. Kayan da aka ƙera da araha amma suka shekara a sito babu wanda ya taya, asara ce, ko da littafin lissafin masana'antar ya nuna an yi tsimi wajen ƙera su.

Da wannan mudu na auna, kuma ga inda na tsaya. Akwai kayan da babbar masana'anta kaɗai za ta iya yi cikin tsimi, kuma yaudarar kai ce a ce ba haka ba ne. Amma a mafi yawan sana'o'in ƙira, abin da ke sa ƙaramar masana'anta ta gaza shi ne zamanta ita kaɗai, babu maƙwabta masu taimaka mata, babu wuta tsayayya, babu mai ba ta rance, babu mai gwada ingancin kayanta. Idan aka cire mata wannan kaɗaici, tana iya gogayya da kowa.

Bari in fara da ba babba haƙƙinsa. A shekarar 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya ba da labarin wani wurin ƙera fil, ɗan tsinken ƙarfen nan da ake maƙale tufafi da shi. Ya ce an karkasa aikin gida kusan 18: wani yana jan waya, wani yana miƙe ta, wani yana yankawa, wani yana fiƙe baki, wani yana ɗora kai. Mutum 10 suna fitar da fil kimanin 48,000 a rana, alhali da kowa zai yi aikin shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, da wuya ya yi 20. Masu goyon bayan manyan masana'antu suna son wannan labari ƙwarai, amma sukan tsallake abu ɗaya a cikinsa. Mutum 10 ne kawai. Wurin da Smith ya kwatanta, a ma'aunin yau, ƙaramar masana'anta ce. Abin da ya ninka amfaninta rabon aiki ne da ƙwarewa, kuma waɗannan biyu ba su da alaƙa ta dole da faɗin gini.

Henry Ford ne ya kai wannan rabon aiki matuƙa. A 1913, a masana'antarsa ta Highland Park da ke jihar Michigan a Amurka, ya sa motar ce take tafiya a kan layi tana iske ma'aikaci a inda yake tsaye, kowa da ɗan abin da zai ɗaura. Aikin harhaɗa gangar mota da ke cin awa 12 ya dawo kimanin awa ɗaya da rabi. Motar Model T da aka fara sayarwa dala 850 ta sauko ƙasa da dala 300 a shekarun 1920, kuma kafin a daina yin ta an ƙera fiye da miliyan 15. Babu wani taron ƙananan maƙera da zai iya wannan a wancan lokaci. Talaka ya hau mota ne saboda girman masana'antar Ford, wannan ba abin musu ba ne.

Akwai ma dalilin da ya fi rabon aiki ƙarfi, wanda ya fito daga yadda Allah ya tsara halitta. Ɗauki tankin ƙarfe. Idan ka ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa sau biyu, ƙarfen da za ka kashe a jikinsa zai ninku wajen sau huɗu, amma abin da zai ɗauka zai ninku sau takwas. Zafin da ke zurarewa ta bango ma haka yake, babban tanderu ya fi ƙarami riƙe wuta. Shi ya sa injiniyoyi suke da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa idan za a ninka abin da masana'antar sinadarai take fitarwa sau biyu, kuɗin gininta yakan ƙaru ne da kusan rabi kawai. Duk sana'ar da ta dogara da tanki da bututu da tanderu, irin su siminti, takin zamani, tace mai, gilashi da narkar da tama, girma yana biyan kansa a cikinta. Haka nan 'yan ƙwayoyin nan da ke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. Masana'anta guda ta zamani mai yin su tana cin biliyoyin daloli, kuma injunan da suka fi kowane iya zana su kamfani ɗaya ne ke ƙerawa a duniya, wato ASML na ƙasar Holan. Wanda ya ce zai yi irin wannan a bayan gida, bai san abin da yake faɗa ba.

An ma taɓa gwada irin wannan, kuma sakamakon ya isa darasi. A 1958 gwamnatin Mao a ƙasar Sin ta umarci ƙauyuka su gina ƙananan tanderun narkar da ƙarfe a bayan gidaje, don a cim ma Birtaniya wajen yawan ƙarfe. Manoma suka bar gonaki, aka sare dazuzzuka don itacen hura wuta, aka narkar da tukwane da fartanyu don a cika adadin da hukuma ta yanka. Yawancin abin da ya fito gurɓataccen ƙarfe ne da ba ya ƙeruwa. Janye hannaye daga gona yana cikin abubuwan da suka haddasa yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane masu yawa. Duk wanda ke son ƙananan masana'antu, kamar yadda nake son su, bai kamata ya kawar da kai daga wannan tarihi ba.

To amma komai faɗin gona akwai kunyar ƙarshe. Tsimin babbar masana'anta yana da sharaɗi, kuma masu tallata ta ba su cika faɗinsa da ƙarfi ba: dole ta yi aiki a cike. Bashin da aka gina ta da shi, albashin masu kula da ita, gyaran injuna, duk suna nan suna ci ko ta fitar da kaya dubu ko miliyan. Masana'antar da aka gina don tan miliyan ɗaya amma take fitar da rubu'insa saboda ƙarancin wuta ko ɗanyen kaya ko masu saye, kowane tan nata ya fi na ƙaramar maƙwabciyarta tsada. Lissafin da akan nuna wa jama'a ranar aza harsashi lissafin cikakken aiki ne. Lissafin da ake rayuwa da shi bayan shekara biyar wani abu ne daban, kuma ba a cika yin biki a kansa ba.

Sharaɗi na biyu shi ne kada kiɗa ya canza. Ford ɗin nan da muka yaba, shi ne ya fara ɗanɗana wannan. Ya tsara komai na masana'antarsa don mota iri ɗaya tak, har injunan ma ba sa iya wani aiki sai nata. Da mutane suka fara son launi daban-daban da sabon samfuri kowace shekara, kamfanin General Motors a ƙarƙashin Alfred Sloan ya ba su abin da suke so. A 1927 Ford ya dakatar da ƙera mota na wajen wata shida don ya sauya injuna ya fito da Model A, dubban ma'aikata suna zaune a gida. Abin da ya sa masana'antarsa ta fi kowace tsimi, shi ne ya sa ta kasa juyawa. Tun kafin nan ma akwai wata ɓarna da ba ta fitowa a farashin mota. A 1913 sai da kamfanin ya ɗauki fiye da mutum 50,000 aiki don ya riƙe guraben kimanin 14,000, saboda mutane suna gudu daga aikin ɗaura kusa ɗaya tun safe har dare. Albashin dala 5 a rana da ya sanar a farkon 1914, wanda ya ninka na da, neman tsayar da wannan gudu yana cikin manyan dalilansa.

A 1937 wani matashin masani ɗan Ingila, Ronald Coase, ya yi wata tambaya da na ga ta fi yawancin amsoshi amfani. Idan girma ne ke kawo tsimi, me ya hana duniya duka ta zama kamfani ɗaya? Amsarsa ita ce kamfani yana girma ne har zuwa inda wahalar tafiyar da wani aiki a cikin gida ta kai wahalar sayensa daga waje. Daga nan ƙarin girma nauyi ne kawai. Duk wanda ya taɓa aiki a babban wuri ya san yadda abin yake. Ma'aikaci ya ji inji yana wani ƙara da bai saba ba, ya gaya wa shugaban sashe, shugaban sashe ya rubuta takarda, takarda ta hau bene ta jira taro, kafin izini ya sauko inji ya riga ya ƙone. A wurin mutum 15, mai wurin yana tsaye ya ji ƙarar da kunnensa, kuma aljihunsa ne zai yi kuka in ya yi sakaci. Wannan kusanci tsakanin mai yanke shawara da bakin inji dukiya ce, ko da babu layin da ake rubuta ta a littafin akanta.

Wani abin da nake ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba shi ne cewa iyakar da ke tsakanin babba da ƙarami ba a kafe take ba. Fasaha tana matsar da ita. A zamanin injin tururi, masana'anta tana da inji ƙato guda ɗaya, daga shi ake jan dogayen sandunan ƙarfe masu juyawa a saman ɗaki, bel-bel suna saukowa zuwa kowane inji. Dole kowa ya taru kusa da wannan ƙaton inji, domin ƙaramin injin tururi ba ya biyan kuɗin kwal ɗinsa. Da ƙaramin injin lantarki ya zo, kowane teburin aiki ya samu nasa ƙarfin, mutum uku a ɗaki ɗaya suka iya yanka ƙarfe da katako da saurin da a da sai babban gida. Yau kuma injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa yana ba ƙaramin wuri daidaiton awo da manyan kamfanoni suke taƙama da shi shekaru hamsin da suka wuce.

Ko ƙarfen ma da na ce na manya ne, labarinsa bai tsaya nan ba. A 1969 kamfanin Nucor ya buɗe wata masana'antar ƙarfe a Darlington da ke jihar Karolina ta Kudu, wadda ba ta narkar da tama, sai dai ta narkar da tsofaffin ƙarafa da wutar lantarki. Jarin da ake buƙata kaɗan ne idan aka kwatanta da na manyan gidajen ƙarfe, kuma ana iya kunna tanderun a kashe gwargwadon kasuwa, abin da ƙaton tanderun tama ba ya yarda da shi. Manya suka raina su, domin da farko rodin gini kawai suke iya yi. Sannu a hankali suka hau zuwa faranti. A 2001 Bethlehem Steel, ɗaya daga cikin ƙattan da suka gina Amurka, ya durƙushe, Nucor kuwa ya zama mafi yawan ƙera ƙarfe a ƙasar, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfen Amurka yanzu daga irin wannan tanderun lantarki yake fitowa. Ba na so a fahimce ni a karkace: waɗannan masana'antu ƙanana ne kawai idan aka jera su da ƙattan da suka kayar, ba tanderun bayan gida ba ne. Bambancinsu da gwajin 1958 shi ne a nan fasaha ce ta rage girman da ake buƙata, a can kuwa umarnin hukuma ne ya yi ƙoƙarin ragewa.

Yanzu ga inda nake ganin muhawarar take ɓata hanya gaba ɗaya. Ana magana kamar babba da ƙarami kishiyoyi ne, alhali babu wata babbar masana'anta a duniya da ke tsaye da ƙafarta ita kaɗai. Mota guda tana da sassa kimanin 30,000, kuma yawancinsu ba mai sunan da ke jikin motar ne ya ƙera su ba. A ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya na Japan. Ita ce kusan kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan bawul na birki, kuma Toyota, bisa tsarinta na rashin tara kaya a sito, ba ta da ajiyar da za ta kai ta ko'ina. Layukan harhaɗa mota suka tsaya cik. An yi zaton za a yi makonni. Sai kamfanoni kimanin 200, manya da ƙanana, har da mai ƙera keken ɗinki, suka karɓi zanen bawul ɗin, kowa ya duba injunan da yake da su ya nemo dabarar yin sa. Cikin kwana biyar ko makamancin haka motoci suka ci gaba da fitowa. Tara aiki wuri ɗaya don tsimi shi ya jefa kamfanin cikin rami, yawan ƙwararrun hannaye da ke warwatse kewaye da shi kuma su suka fito da shi.

Inda babu irin waɗannan hannaye, wahala takan daɗe. Ambaliyar da ta auka wa ƙasar Tailan a 2011 ta shanye unguwannin masana'antu da ke yin kaso mai tsoka na ma'adanar bayanai ta kwamfuta, farashinta ya yi tashin gwauron zabi a duniya duka har tsawon watanni. Ƙarancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar na'ura a 2021 ya tsayar da masana'antun mota a nahiyoyi da dama. Irin wannan asara ba ta shiga lissafin kuɗin ƙera kaya guda, amma mutane ne suke biyan ta.

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 masanin tattalin arziki Alfred Marshall ya lura da garuruwan Ingila irin su Sheffield mai yin wuƙaƙe, inda ƙananan maƙera masu sana'a ɗaya suka taru wuri guda, har yara suna tashi da sanin aikin tun ba a zaunar da su an koya musu ba. Irin wannan taro yana ba ƙanana ribar girma ba tare da sun zama kamfani ɗaya ba. A Prato ta Italiya, kusa da Fulorans, dubban ƙananan kamfanoni ne ke yin yadi: wannan kaɗi kawai yake yi, wancan saƙa, na gaba rini, wani kuma gogewa. Kowa injinsa yana aiki a cike domin yana yi wa mutane da yawa aiki. A Sassuolo haka ake yin tayil. A Sialkot ta Pakistan ana ƙera kayan aikin tiyata da ake kaiwa asibitocin duniya, ana kuma ɗinka ƙwallon ƙafa, har da irin wadda aka buga a gasar cin kofin duniya ta 2014. Abin da ya fi burge ni game da Sialkot shi ne 'yan kasuwar garin sun haɗa kuɗi sun gina wa kansu filin jirgin sama, aka buɗe shi a 2007, domin kayansu su daina jiran doguwar hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba dole sai hannayen sun zama na mutum ɗaya ba.

Jamus ma da ake yi wa kallon ƙasar manyan kamfanonin mota, ƙashin bayanta matsakaitan kamfanoni ne na iyali, da yawa a ƙananan garuruwa, kowanne ya ƙware a abu ɗaya har duniya tana nemansa. Ba banza suka kai haka ba. Akwai bankunan ajiya na yankuna da suka san su suke ba su rance na dogon lokaci. Akwai tsarin koyon sana'a inda matashi yake raba makonsa tsakanin makaranta da wurin aiki. Akwai cibiyoyin bincike na Fraunhofer, da aka kafa a 1949, inda kamfanin da ba zai iya gina ɗakin gwaje-gwaje nasa ba zai kai matsalarsa a warware masa. A cire waɗannan uku, a bar kamfanin da girmansa yadda yake, za a ga ya koma fama irin na kowane ƙaramin wuri a ko'ina.

Saboda son da nake yi wa ƙananan masana'antu, ba zan rufe ido daga aibinsu ba. Bankin Duniya yana cewa ƙanana da matsakaitan kamfanoni su ne kimanin kashi 90 cikin ɗari na kasuwancin duniya, kuma su ke ɗauke da fiye da rabin ma'aikata. Ana yawan kawo wannan adadi a matsayin yabo. Ni ina ganin rabinsa yabo ne, rabinsa abin damuwa. Yawan hannaye a kan aiki kaɗan yana iya nufin kowane hannu abin da yake samarwa bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya samar da kaɗan, kaɗan za a biya shi. Sanannen abu ne cewa manyan kamfanoni sun fi biyan albashi mai kyau, sun fi ba da hutu da kula da lafiya, kuma mai binciken hukuma ya fi saurin isa gare su. A ƙaramin wuri ne za ka iske yaro yana walda babu tabarau, ana zubar da ruwan sinadari a kwata, tsohon inji yana shan wuta ninki biyu. Wani lokaci arahar kayan ƙaramin wuri daga huhun ma'aikaci aka cire ta. Kuma manyan kamfanoni sun iya fakewa a bayan wannan, su miƙa aiki ga ɗan kwangila, shi ma ya miƙa wa wani, har a kai inda babu mai tambaya. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangladash a watan Afrilun 2013, ya kashe fiye da mutum 1,100, masu ɗinka wa manyan shagunan ƙasashen waje tufafi ne a cikinsa. Duk tsimin da aka samu ta wannan hanya, ni ban ɗauke shi tsimi ba.

Ba na kuma goyon bayan a kare ƙaramin wuri ta hanyar hana shi girma. Indiya ta gwada. Daga 1967 ta fara keɓe wasu kayayyaki ta ce ƙananan masana'antu kaɗai za su yi su, jerin ya yi ta tsawo har ya haura kaya 800, ciki har da tufafi da takalma da kayan wasan yara. Niyyar mai kyau ce, a kare aikin talaka. Amma sai ya zama duk wanda ya ƙware ya so ƙara injuna, doka ta tsaya masa a gaba, wasu suka riƙa karkasa kamfani ɗaya gida-gida a takarda don su zauna ƙarƙashin iyaka. A daidai lokacin, Sin tana gina manyan masana'antun waɗannan kayayyaki tana cika kasuwannin duniya da su. Sai a 2015 Indiya ta soke ragowar jerin. A Faransa ma, inda ƙarin dokoki ke hawa kan kamfani da zarar ya kai ma'aikata 50, an lura kamfanoni da yawa suna tsayawa a 49. Ƙaramar masana'antar kirki tana da burin girma, ko aƙalla burin ƙara ƙwarewa, kuma dokar da ke ba ta lada don ta zauna yadda take cutar da ita take yi.

Abin da nake so hukumomi su yi ba shi da armashin yanke kyalle a gaban ƙaton gini, shi ya sa ba a cika rububinsa ba. Wutar lantarki da ba ta yankewa ta fi kowane tallafi amfani ga ƙaramin wuri, domin babban kamfani yana iya gina tasharsa ya raba kuɗin a kan miliyoyin kaya, ƙarami kuwa janareta zai cinye ribarsa. Farantan hasken rana sun kawo sauƙi a nan, farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma ya faɗi ne saboda ƙattan masana'antu suna yin su da yawan gaske. Ga babba yana share wa ƙarami hanya. Bayan wuta sai wurin gwada inganci na haɗin gwiwa, inda mai ƙera kusoshi ko famfo zai kai kayansa a auna a ba shi takardar shaida da mai saye na nesa zai yarda da ita. Sai injuna masu tsada da za a ajiye wuri ɗaya ana haya da awa, sai rancen da ke duban odar da ke hannun mutum maimakon takardar fili kaɗai.

Akwai kuma wani abu da ya fi duk waɗannan araha, doka ce kawai da aiwatar da ita. Mafi yawan ƙananan masana'antun da ke yi wa manya aiki suna kai kaya ne a biya su daga baya. Mai wurin ya ci bashi ya sayi ƙarfe, ya biya ma'aikatansa, ya biya wuta, ya kai kaya a kan lokaci, sannan ya zauna jiran kuɗinsa wata uku, wata huɗu, wani lokaci rabin shekara, kuɗin ruwa yana hawa kansa kullum. Ba ya iya ɗaga murya domin mai sayen nasa ɗaya ne. A zahiri shi ƙaramin ne yake ba babban rance kyauta, daga baya kuma a duba littafinsa a ce ba ya tsimi. Japan ta gane wannan tun 1956, ta yi doka a kai, wadda daga baya ta wajabta a biya ɗan kwangila cikin kwana 60 da karɓar kaya. Indiya a dokarta ta 2006 ta yanka kwana 45, tare da kuɗin ruwa mai nauyi a kan wanda ya saɓa. Mai ƙaramin wurin da ya san ranar da kuɗinsa zai shigo yana iya yin odar ɗanyen kaya da yawa a farashi mai sauƙi, ya riƙe ƙwararren ma'aikacinsa, ya kuma fara tara kuɗin sabon injin da ya daɗe yana hange.